Godiya ga waɗanda suka tsaya mana a jinyar 'yarmu

Assalamu alaikum 'yan'uwa na Jidda da Makka. Alhamdulillahi, likita ta rage wa 'yarmu yawan zuwa asibiti, har ta koma makaranta. Da yardarta nake wannan rubutu, sharaɗinta dai kada in kama suna.

Yarinyar nan ta daɗe tana ji wa kanta ciwo a hannu, a ɓoye. A garin da yawancin mata ke cikin abaya, wa zai zargi dogon hannun riga? Malamarsu ce ta gani wajen alwala. Ba ta yi mata tsawa ba, ba ta kuma bari magana ta zaga makaranta ba, sai ta kira ni gefe. Malama, Allah ya rufa miki asiri yadda kika rufa mana.

Da labari ya shiga dangi, wannan ya ce aljanu, wancan ya ce kambun baka. Malamin unguwarmu ya zo ya yi ruƙiyya, ya shafa addu'a, sannan ya dubi babanta ya ce, "Alhaji, addu'a ba za mu fasa ba, amma gobe ku kai ta wurin likita, Annabi (SAW) ya ce a nemi magani." Da daga bakina maganar ta fito, da har yanzu ana gardama. A daren muka buga 937, lambar Ma'aikatar Lafiya, aka gaya mana inda za mu nufa.

Godiyata mafi girma ga likitar ƙwaƙwalwa da ta ɗauke mu iyaye a matsayin masu buƙatar kulawa su ma. Ta zaunar da mu daban. Ta ce ba iskanci ba ne, ba kuma neman a kula ta ba, damuwa ce ta fi ƙarfin bakinta. Ta hana mu sa ta rantse da Alƙur'ani cewa ta daina, don ranar da ta koma, kunya za ta sa ta ƙara ɓoyewa. Magunguna da reza a kulle su, amma kada a mayar da ɗakinta kurkuku. Mai wuyar ita ce mu tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta, likitar ta ce tambayar ba ta dasa wa yaro tunanin. Bakina na rawa na yi ta, ta kuma amsa mini.

Akwai wata nas 'yar Sudan, mutuniyar Mai Wurno, da ta ji Inna na kuka da Hausa a dakalin jira, ta zauna ta warware mata komai da harshenta. Inna har gobe tana sa mata albarka.

Goggo ta unguwar Hindawiyya, ke kika kwashe ƙannenta zuwa Makka ba tare da kin tambaye ni dalili ba. Yaya, kuɗin motar da kake turowa a asirce, na san kai ne.

Roƙona ɗaya: in kun haɗu da ita a biki ko suna, ku gaisa kamar kullum, kada a kama mata hannu ana dubawa. Jinya ba ta ƙare ba tukuna, muna nan muna komawa asibiti, a ci gaba da sa mu a addu'a.