Sabbin likitoci da robar fitsarin Baba

Ni nas ce a wani asibiti a nan Legas, bana ni aka ɗora wa karɓar sabbin haus ofisa a ɗakin maza, wato likitocin da suka gama makaranta suke yin shekara ɗaya ta horo kafin a ba su cikakken lasisi. Maganar wanke hannu da lokuta 5 ɗin nan da Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta ce ma'aikacin lafiya ya riƙa wanke hannu duk mun yi ta, yaran ma sun fi wasu manyan kiyayewa wallahi, kowa da sanitaiza a aljihu.

Robar fitsari ce ta ci mu. Wani dattijo mai sayar da albasa a Mile 12, tsofaffin haus ofisa ne suka sa masa ita ana gab da canza su zuwa wani sashe, ba wanda ya rubuta kwanan wata, ba a fayil ba, ba a kan filasta ba, su kuma sabbin suna zuwa zagaye suna ganin jakar a rataye a gefen gado kowa ya ɗauka babban likita ne ya ce a bar ta, ba mai ƙarfin halin tambaya. Ita kuwa robar kullum ta ƙara kwana ƙwayoyin cuta na bin jikinta su hau mafitsara. Sai ga zazzaɓi da rawar ɗari, fitsari ya yi dagwalo, mutumin da ake shirin sallama ya koma allurar jijiya. Ɗansa ya tare ni a bakin ƙofa, "Sista, mu da muka zo da hawan jini ina kuma muka samo wannan?" Har yanzu in na tuna kuɗin da suka kashe raina ɓaci yake.

A Ingila ma an san wannan, ranar Larabar farko ta watan Agusta sabbin likitoci suke kama aiki, wani bincike na 2009 ya ga mutuwar waɗanda aka kwantar cikin gaggawa a ranar ta ɗara ta Larabar da ta gabata da kusan kashi 6 cikin 100. Ni dai a ganina ba jahilcin yaran ba ne, miƙa aikin ne ake yi a tsaitsaye.

Yanzu ba robar fitsari ba kanula (robar da ake sawa a jijiya don ƙarin ruwa da allura) a ɗakinmu sai da kwanan wata a kan filasta, kuma kowace safiya haus ofisa zai faɗa min da bakinsa dalilin da ya sa har yau ba a cire ta ba. In ya yi shiru, na kira masa babban likita a waya.