Dunkeld: Neman Mai Take a Ƙasar Sikotlan

Daga Edinbara na hau jirgin ƙasa zuwa Dunkeld, tafiyar da ba ta cika awa biyu ba. Kuɗin shayi kofi ɗaya a tasha ya isa a ciyar da mutum uku a wurin mai shayin unguwarmu, kuma ko burodi babu.

Ƙauyen Inver da ke dab da Dunkeld na nufa, inda Niel Gow ya zauna, makaɗin gogen da aka haifa a 1727 ya rasu a 1807. Gogensu tsirkiya huɗu gare shi, namu ɗaya, amma da izgar doki ake goga duka biyun. Bakin kogin Tay akwai tsohuwar bishiya da ake cewa a gindinta yake zama yana tsara kiɗa. Wani dattijo da na tarar a can ya ja ni gidansa, ya ɗauko goge ya nuna mini sirrin Strathspey, wani kiɗan rawa na Sikotlan: gajeren sauti, nan take dogo ya biyo shi, da fizgar wuyan hannu. Idan aka ja da kafaɗa, fizgar ta mutu, sai masu rawa su rasa taku.

Abin da ya fi ɗaure mini kai sunayen kiɗan. Yawancinsu sunan wani basarake ne ko 'yarsa, tamkar taken da makaɗan fada ke yi wa sarakunanmu. To amma sunan wanda aka yi wa take ba shi ne sunan wanda ya ƙago shi ba, nan rigimar take. Gidan Gow sun fara buga littattafan kiɗa a 1784, kuma an daɗe ana zarginsu da ɗaukar kiɗan wasu su sauya masa suna, musamman na William Marshall, baran Sarkin Gordon, wanda littafinsa ya riga nasu fitowa tun 1781. Ni dai na ga alamar ƙwace a nan.

Yadda ake bin diddigi: a nemo bugun da ya fi tsufa, a kwatanta sautin kansa, kada a dogara da suna, domin kiɗa ɗaya kan fito da suna uku. Ko haka ma ba ta kan warware ba, tunda wanda ya fara bugawa wataƙila a gidan biki ya ji. John Glen, wani masanin kiɗan Sikotlan, ya yi wannan aiki a 1891, kuma tarin littattafansa na nan a babban ɗakin karatu na ƙasa a Edinbara.

Na leƙa fadar Blair, gidan sarautar da Gow ya yi wa kiɗa, na ga gogensa. Aberdeen kuwa ruwan sama ya hana ni sakewa, kabarin Scott Skinner, wani shahararren makaɗin goge, kawai na ziyarta na juyo.