Sulhu ko Inshora: Abin da Nake Gani a Garejina na Apo

Ina da ƙaramin garejin bugun jikin mota da fenti a Apo, Abuja, kuma yawancin aikin da ke shigo mana ba na mummunan haɗari ba ne. Motoci ne da aka goga ko aka daka ta baya a cunkoson Nyanya da Mararraba, kuma sau da yawa wanda ya buga da wanda aka buga tare suke zuwa, suna jiran in yanke kuɗin gyara domin su rabu lafiya.

Ba na faɗin farashi sai na sa yaro ya kwance bamba. Bambar motocin zamani roba ce, takan lotsa ta koma daidai, alhali a bayanta ƙarfen da ke riƙe da ita ya tanƙware, ko kunnen fitila ya karye, ko lagireto ya fara ɗiga. Wanda ya karɓi 'yan kuɗi a bakin titi aka yi "Allah Ya kiyaye gaba" kafin a leƙa nan, shi zai cika ragowar daga aljihunsa. Idan kuwa ƙarzuwa ce kawai ko madubi ya fashe, nakan ce, "Alhaji, ku sasanta a nan," domin zirga-zirgar takardu ta fi gyaran wahala.

Inda nake jin takaici shi ne yadda mutane da yawa ba su san abin da suka saya ba. Inshorar dole, wadda NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora, ta ɗaga kuɗinta daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida tun Janairun 2023, ba ta gyara motar mai ita. Ɓarnar da ka yi wa wani take biya, har zuwa naira miliyan 3 a kan dukiya. Ke nan direban da ya fasa fitilar babbar mota, yana neman rance hankali a tashe, wataƙila takardar da za ta fitar da shi tana cikin motarsa, in dai ta gaskiya ce. Jabu sun yi yawa a hannun masu tsayawa a bakin ofisoshin lasisi, shi ya sa nake sa mutum ya duba lambar motarsa a NIID, rumbun bayanan inshora na ƙasa, kafin mu ci gaba da magana. Tun da 'yan sanda suka matsa binciken takardar inshora a Fabrairun 2025 masu takarda sun ƙaru, amma masu neman haƙƙinsu da ita har yanzu kaɗan nake gani.

Mai cikakkiyar inshora, ko takaful ga wanda ya zaɓi tsarin Musulunci, shi ma yana da lissafi: akwai kason farko na kuɗin gyara da yarjejeniya ta ɗora masa ya biya da kansa, kuma neman diyya kan iya cinye rangwamen kuɗin inshorar shekara mai zuwa. Gyaran da bai wuce wannan kaso da yawa ba, gara a biya da hannu.

Idan aka zaɓi bin kamfanin inshora, a ɗauki hoton motocin biyu da lambobinsu kafin a matsar da su, a sanar da kamfanin da wuri, kuma ba na taɓa motar da guduma sai jami'insu ya gani ya amince da ƙiyasina. In kuwa an ji wa mutum rauni, ko da ɗan acaɓa ne ya miƙe yana cewa ba komai, asibiti da rahoton 'yan sanda ne farko, gyaran mota ya jira.