Mai wuta a rai

Mutanen Suwidin suna da kalmar entusiasm, wadda asalinta Girkanci ne, amma idan za su yabi mutum mai himma sai su ce eldsjäl. Eld wuta ce, tsohuwar kalmarsu ta gado. Själ kuwa rai ne, kuma baƙuwa ce, ta shigo da wa'azin Kiristanci daga wajen Ingila da arewacin Jamus. Makwabtansu na Danmak suna cewa ildsjæl. Ba kasafai ake kiran attajiri ko minista da wannan suna ba. Galibi na masu aikin sa-kai ne.

Na gane hakan sosai lokacin da nake karatu a birnin Uppsala na Suwidin, ina taimaka wa wani ƙaramin kulob na ƙwallon yara. Akwai wata dattijuwa da komai ke hannunta. Ita ke wanke rigunan 'yan wasa, ita ke buɗe shagon kulob ranar Asabar tana sayar da kofi da tsiran alade a cikin burodi (ni dai kofin nake sha), makullin sito kuma na rataye a wuyanta. Mafi muhimmanci, ita ke shigar da sunayen yaran da suka zo atisaye, domin da wannan lissafi ne ake neman tallafin gwamnati ta hannun Riksidrottsförbundet, hukumar wasannin ƙasar da aka kafa a 1903. Ba a biyanta ko kurona ɗaya ta kuɗin ƙasar.

Wani hunturu ta kwanta. Likita ya ce gajiya ce ta kai maƙura, ciwon da Suwidin ta sa cikin jerin cututtukanta tun 2005. A bakin mutane kuwa utbränd, wato ta ƙone. Nan asirinmu ya tonu. Babu wanda ya san lambar sirrin shiga kwamfutar, babu wanda ya san inda ake sayo burodin. Shekara da shekaru ana yi mata kirari, kuma ni a ganina kirarin nan har da wayo a ciki, don wanda aka yaba ba ya iya cewa a'a. Tun daga lokacin, duk wurin aikin da na ji ana cewa "ai wane shi ne komai namu", sai in tambayi wa ke riƙe da makulli na biyu.

Iyayen yara suka raba aikinta a tsakaninsu, aka rubuta komai a takarda aka manna jikin firiji. Da ta dawo da bazara, ta ƙi karɓar makullin, amma ta ce kofinmu ya yi tsararo.