Top 14 na bakans, gardamar antirenar ta dawo fadarmu

Tun ran 28 ga watan Yunin 2025 da anka gama final ɗin Top 14, babbar gasar zari-ruga ta Faransa, fadarmu ta koma kamar gidan da anka ɗauke amarya, shayi dai ake sha amma ba armashi. Mu masu kallon zari-ruga a Maradi ba mu da yawa, tabarma guda ta ishe mu har a samu wurin aje takalma, mutanen unguwa in sun wuce sun gan mu gaban tele sai su ce ga ƴan balon ƙwai can sun taru. Ba komai, mun saba. Yanzu ƴan wasa na bakans sai farkon Satumba, jama'a sun duƙufa gona, mu kuma abin da ya rage muna shi ne gardamar antirenar, wa anka kora, wa anka bari, wa ya kamata a ce an sallama tun tuni.

Daren final ɗin ne ma ya jawo maganar. Tuluz da Bordo a Stade de France, anka buga usur bayan ƙarfe takwas agogonmu, mun yi isha'i cikin hanzari Allah ya yahe muna. Ana cikin wasa hadari ya taso daga gabas, iska ta fara kaɗa langa-langar shagon maƙwabci, can sai kuran ya tahi. Haka munka duƙa mu shida bisa portabul ɗin ƙanena, reso na zuwa yana komawa, hoto ya tsaya cak daidai lokacin da Lucu na Bordo ya aje balo zai buga penalti na ƙarshe, sai da ya dawo munka ga an yi 33 da 33. Anka ƙara lokaci, Ramos ya buga penalti biyu sunka shiga, Tuluz ta ci 39 da 33, garkuwar Brennus, wato kofin gasar, ta 24 ke nan, ta uku a jere, kuma ba Dupont babban ɗan wasansu, shi gwiwa ta aje shi tun watan Maris. Wani abokina ɗan Bordo ne na mutuwa, ya miƙe ya kakkaɓe wando ya ce wallahi a kori Yannick Bru, final biyu ekip guda na dukanmu, wanga wane irin antirenar ne. Na ce Malam zauna, ruwa ake yi waje.

Washegari da zuciya ta kwanta na tuna mishi abin da ya manta. A final ɗin 2024 a Marsai 59 da 3 Tuluz ta yi musu, mutum ya ji kunyar sa rigar Bordo sati guda. Bana tazarar maki 6 ce, kuma sai da anka ƙara lokaci. Tsakanin nan kuma a watan Mayu wanga Bru ɗin ne ya kai su Kadif sunka ka da Northampton 28 da 20 sunka ɗauko kofin Turai, wanda ba su taɓa riƙewa ba. Mutum ya yi maka wagga hidima cikin shekara biyu ka ce a kore shi? Ai wanga halin ƴan ƙwallon ƙafa ne munka kwaso, a ci ka wasa uku a ce antirenar ya ɗauki jakarshi.

Ni inda nake tsaye, ku dubi Tuluz ɗin da ke cinye kowa. Daga 1993 har 2025 mutum biyu ne kawai sunka riƙe ta. Guy Novès ya yi tun 1993 har 2015, ya ci kofin Turai 4, ya tahi riƙon ƙungiyar ƙasar Faransa, anka ba Ugo Mola. Kuma ba da daɗi Mola ya fara ba, a 2017 ta 12 sunka ƙare cikin 14, abin da ko tsofaffin magoya baya sun manta rabon da su gani. Da wani kulob ne da tuni an sallame shi tun kafin a kai ƙarshe. Su sunka yi shiru sunka bar shi, ya shigo da yaran da anka rena cikin gida irin su Ntamack da Ramos da Marchand, anka ɗauko Dupont daga Kastir a wagga shekarar, zuwa 2019 ga kofi, 2021 ga kofi, sai 2023, 2024, 2025. Kuma shi Bru da abokina ke so a kora, ɗan gidan Tuluz ne, nan ya yi wasa ƙarƙashin Novès, nan ya fara koyarwa, ka ga ashe tukunya guda ce.

Akwai dalilin da ya sa zari-ruga ba ta son garaje, kuma wani dattijo ne ya hasko min shi ba da niyya ba. Baba na zuwa fadarmu ne don shayi, bai san Tuluz ba bai san Bordo ba, amma tsohon mai kallon kokowa ne, tun zamanin Kantu yake zuwa fili. Rannan ana mele, mutum takwas nan takwas can sun duƙa sun haɗa kafaɗu, ya aje kofi ya matso kusa da tele ya ce ku dakata, waɗancan masu jar riga za su ci. Munka ce Baba ta yaya ka sani? Ya ce ku dubi ƙafafunsu, tare suke takawa, waɗancan kuwa kowa ƙarfinshi yake nunawa, na gefen can ma gindinshi ya yi sama, wanda gindinshi ya tashi ai an gama da shi. Bai rufe baki ba arbit ya busa. To wagga takawa tare ita ce ba a saye kasuwa. Haka tush, in balo ya fita gefe a jefo shi a ɗaga mutum sama ya cafe, kowace ekip na da kalmominta na sirri, mai jifa da mai tsalle da masu ɗagawa biyu dole su zama kamar hannu da baki. Antirenar ɗin ma ba shi kaɗai yake zuwa ba, yana da mai koyar da mele, mai tush, mai tsaro, mai motsa jiki, in ka kore shi cikin Nuwamba ka wargaza gida ke nan, sabo ya zo da nashi yare, yara su fara daga baƙi, ga wasa kowane sati har 26 ban da na Turai.

Kuma dokar can ba ta bari ka rufe ɓarna da kuɗi. An sa iyaka ga albashin da kulob zai biya, Yuro miliyan 10.7 a shekara a 2025, wajen miliyar 7 ke nan na sefa, sannan ga dokar da suke kira JIFF mai tilasta ma kowa sa ƴan wasan da anka horar cikin Faransa da yawa a takardar wasa. Wanda bai rena yaranshi ba ya shiga uku.

Racing 92 su ne abin misali, ni har tausayi suke ba ni duk da ba su da abin tausayi a aljihu. A 2023 sunka ɗauko Stuart Lancaster daga Leinster, tsohon antirenar ɗin Ingila, mutum mai suna. Sunka kawo Siya Kolisi yana saukowa daga ɗaukar kofin duniya da Afirka ta Kudu, shekara guda ya yi ya koma Sharks. Sunka kawo Owen Farrell a 2024, shi ma shekara guda, ciwo yau ciwo gobe, yanzu ya koma Saracens. Farkon 2025 anka sallami Lancaster anka kira Patrice Collazo, sunka ƙare na 10. Shi Collazo mu a fada mai kashe gobara muke ce mishi, don haka Monfeliye ta kira shi a Nuwamban 2023 da ta kori Richard Cockerill. Monfeliye kuwa da ta ci kofi a 2022, shekara biyu bayan nan sai da ta buga wasan ceton rai da Girinobul kafin ta tsira daga faɗawa Pro D2, gasar da ke ƙasa da Top 14. Daga Saint-André zuwa Cockerill zuwa Collazo zuwa Caudullo, kai ko sunansu ƴan wasa ba su gama riƙewa ba.

Abin dariyar kuma su ɗin dai ne ke zagayawa kamar ƴan kabu-kabu masu sauya tasha. An cire Urios daga Bordo a Nuwamban 2022, Janairu ga shi Kilarmo. An cire Karim Ghezal daga Stade Français a Satumban 2024, Disamba ga shi Liyon. Wanda bai iya ba nan, can shi ne mai ceto.

Abokina ya ce to ai Bordo ma sauyi ta yi ta samu Bru, ina haƙurin da kake wa'azi? Gaskiya ne, amma ka dubi lokacin. Bru bai faɗo tsakiyar kaka ba, ya gama shekararshi da Sharks a Afirka ta Kudu, ya zo a hutun 2023 da mutanenshi, ga Penaud ya iso daga Kilarmo, ya samu watanni yana gyara kafin a busa usur. Manomi in zai sauya iri ai tun kafin ruwan shuka yake sauyawa, ba sai gero ya kai gwiwa ya ce a tuge a sa wani ba. Na yarda dai wani lokaci tugewar na yin rana, Kastir ta sauya a Janairun 2025, Davidson ya tahi Sadourny ya hau, kuma sun shiga shidan farko. Wagga kam ya ci ni, na ba shi. Sai dai Sadourny ɗin yana cikin gidan tun farkon kaka, ba baƙo ba ne.

Bana abin mamaki Faransawa sun yi hankali, wanga hutu na 2025 kusan kowa ya riƙe nashi. Mola na nan, Bru na nan, Mignoni na Tulon, Urios na Kilarmo, Collazo ma an bar mishi Racing ya gwada daga farko, mu gani ko mai kashe gobara ya iya gini. Sauyin gaske can gasar URC yake, wadda ta haɗa ekip na Ailan da Weles da Sikotlan da Italiya da Afirka ta Kudu. Lancaster ya samu Connacht, Munster ta ɗauko Clayton McMillan daga Chiefs ta Niyu Zilan, Bulls kuma ta rabu da Jake White bayan ya kai su final uku a 2022 da 2024 da 2025 duk ba kofi, ta kawo Johan Ackermann. Abokina da ya ji wagga sai ya yi tsalle ya ce ka gani, saura guda a yi ma Bru haka. Na ce Allah ya shirye ka Malam.

Wanda nake zuba ma ido shi ne Ronan O'Gara na La Roshel. Mutumin da ya ci kofin Turai sau biyu a jere, 2022 da 2023, duk kan Leinster, bana ya yi makonni bai ga nasara ba, ya ƙare na 7, ko wasan share fagen kofi bai shiga ba. Ba su kore shi ba, sai ma sunka ɗauko mishi Le Garrec daga Racing. In maganata gaskiya ce to nan za a gani, in kuma sunka sake zubewa to zan sha ba'a a fada har hunturu. Manyan ƙartinshi na gaba sun fara tsufa, wagga ce damuwata, haƙuri ba ya gyara gwiwar ɗan shekara talatin da wani abu.

Bayon ta ba kowa mamaki, ta 4 ta ƙare har ta kai kusa da ƙarshe, a gidansu ba a shiga a fita lafiya, amma sake yin haka shi ne wuya tunda yanzu kowa ya san su. Tulon na ta matsowa a hankali. Montoban da ta hau bana kuwa Allah ya ba su sa'a, ta 6 ta ƙare a Pro D2 ta bi ta bayan gida ta ɗauke final, ina tsoron kada abin da ya samu Van ya same su, ta hau a 2024 ta sauko a 2025. Girinobul kam ban da bakin magana, final ɗin Pro D2 uku a jere daga 2023 zuwa 2025 tana faɗuwa, wasan ceton rai uku a jere tana faɗuwa, wanga sai a haɗa da roƙon Allah.

Kofi kuma? Zuciyata na ce min Tuluz, da Dupont ya warke ma abin sai ya ƙaru, amma tazarar ta matse kuma na san wata rana Bordo za ta fasa. Mun dai ƙulla da abokina gaban shaidu, shi ya ce kafin sabuwar shekara sai an kori antirenar uku a Top 14, ni na ce ba za su wuce biyu ba, wanda ya faɗi shi ke sayen sukari da ganyen shayi na wata guda. Baba ya ce shi ko wa ya faɗi dai a ƙara mishi na'ana'a. Saura karo-karon abonma na Satumba, mai shayinmu ya rubuta sunaye bayan kwalin sukari, jaka-jaka ne, mutum huɗu sun ba da, abokina ɗan Bordo ya ce sai an yi girbi.