Tambayar da likita ya yi wa Inna

Talata, da dare.

Da safe gidan nan kamar ba mu da majinyaci. Inna ta soya zalabiya, wato soyayyen ƙullun fulawa, ta ɗora jabana, tukunyar gahawa, yara suka kewaye Kawu sai ya sake ba su labarin raƙumin da ya kayar da shi a hanyar Kassala. Har dariya ya yi. Ya kurɓi shayi sau biyu ya ture kofin, na yi kamar ban gani ba.

Ƙarfe goma muka karɓo sakamakon hoton siti, wato hoton na'urar da ke leƙa cikin jiki. Ciwon daji ne a bankiryas, 'yar tsokar nan da ke kwance a bayan tumbi, mai samar da insulin. Ƙarin ya matse hanyar da ruwan madaciya ke bi, shi ya sa idanun Kawu suka koma kamar an shafa kurkum, fitsari kamar baƙin shayi, ga ƙaiƙayin da ke hana shi barci. Ya riga ya kai hanta. Babu maganar aiki, sai dai a sa ɗan bututu a buɗe hanyar, a kuma rage masa zafi.

Duk wannan na haɗiye. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne da likita ya ɗago kai ya ce, "Hajiya, me ya hana ku kawo shi da wuri?"

Inna ta gyara mayafi ta ce, "Likita, ta wace hanya?"

Bai ce komai ba. Ba na zarginsa, yaro ne mai ladabi, ga gajiya a fuskarsa. Amma tun rana nake amsa tambayar nan ni kaɗai. Duk wanda ya san ƙauyukan Gadarif, a gabashin Sudan, ya san baƙin taɓon damina: daga Yuli zuwa Satumba lori ma nutsewa yake yi, sai tarakta, in an samu mai. Ɗakin shan maganin garinmu ma'aikaci ɗaya ne, abin da zai iya gwadawa bai wuce zazzaɓin cizon sauro ba. Sau biyu aka ba Kawu maganinsa, sannan na taifot. Da ido ya sauya kowa ya ce shawara ce, aka shiga jiƙe-jiƙe. Kuɗin mota kuwa sai da aka yanki riɗi a Oktoba. Wata huɗu ke nan cur.

Sai malamin makarantar nan na layinmu ya faɗo mini a rai, Allah ya jiƙansa. Shi ma ciwon ke nan, tun kafin yaƙin Sudan. Idonsa ya sauya ran Juma'a, kafin sati ya zagayo an yi masa hoto, ɗansa ya kai shi Khartum aka yi masa aikin Whipple, wanda ake cire kan bankiryas da madaciya da wani yanki na hanji. Ya ƙara shekara uku, har ya aurar da autarsa.

A da, ko ɗan ƙauye ya san in abu ya yi tsanani akwai Khartum, akwai cibiyar ciwon daji ta Jami'ar Jazira a Wad Madani. Yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, ya iso Madani a Disamba, likitoci da majinyata suka watse. Mai hali ya nufi Masar.

Da muka fito likitan ya ja ni gefe. Ya ce ciwon ɓoyewa yake yi, cikin mutum biyar da aka gano, kusan ɗaya ne kawai ake iya yi wa aiki, kuma ko a Amurka kimanin 13 cikin 100 ne ke kaiwa shekara biyar. Na san lallashina yake yi. Ajali na Allah ne, ban yi musu ba. Ni dai na so a ce an ga cikin Kawu tun ana iya yin wani abu.

Kuma a Agusta mun yi waya da shi. Ya ce ɗan ciwon baya ne, sai wando da ya yi masa yawa. Na tura kuɗin magani. Ban ce a nemi tarakta ba.

Inna ta kwanta ba ta taɓa tuwonta ba.

Bayan isha'i Kawu ya kira ni, ya ce, "Ɗana, in sun sa bututun nan ka mayar da ni gida, dawata ta kusa yanka." Na ce to, Kawu. Gobe ƙarfe bakwai za mu koma.