Foldar Auta

Asabar. Yau dai na cika alkawarin da na yi wa kwamfutar falo tun watan jiya. Tsohuwar Dell ɗin nan ta tebur ta kai matsayin da in ka kunna ta, sai ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama tashi ba. Na yanke shawarar a share komai a sake ɗora mata Windows daga tushe. Ban ɗora ba tukuna, shiri kawai na yi, kuma shirin ne ya cinye mini wuni.

Da safe na fito da ita tsakar gida na kwance murfin gefe. Ƙurar hunturu ta lulluɓe fanka kamar an barbaɗa gari. Na hure ta tas. Ashe ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, shi ne ya mutu, shi ya sa agogonta ke rikicewa duk lokacin da aka ɗauke wuta. Na aiki Babba ya sayo sabo.

Sai filash. Na sauke Windows 10 da manhajar Media Creation Tool a kan filash mai giga 8, wadda ita ce mafi ƙanƙanta da take karɓa, kuma tana share duk abin da ta tarar a kai. Na san Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 kuwa tana neman TPM 2.0, wato wani ɓangaren tsaro na cikin kwamfuta, da furosesar Intel daga zubi na 8 zuwa sama, tamu zubi na 6 ce. Kawu ya ce in sa mata Linux Mint a madadin Windows in huta, kuma maganarsa na da ƙamshin gaskiya, sai dai Maman yara da Word take duk aikin makarantarta. Na bar wannan sai gobe.

Bayan azahar na zauna kwashe kaya zuwa faifan ajiya na waje. Takardu, hotunan suna da na biki, abin da ke kan fuskar allo, da foldar abubuwan da aka sauke, wadda kowa ke mantawa da ita sai an goge a fara salati. Kalmomin sirri na burauza na fitar da su daban. Direban katin intanet, wato manhajar da ke sa katin ya yi aiki, ma na ajiye shi, don in aka gama ɗorawa babu shi, ba ta yadda za a sauko da sauran. Duk abin da na kwafa sai na buɗe biyu ko uku na tabbatar suna buɗuwa.

Cikin wannan ne na ci karo da folda mai suna "Auta kar a buɗe". Ko mega 40 ba ta kai ba.

Ban buɗe ba. Amma na san abin da ke ciki. Shekarun baya, da an kawo wuta bayan isha'i, ƙanwata Auta za ta jawo kujera ta yi ta buga labarinta har sai Hajiya ta leƙo ta ce dare ya yi. Ni na saita mata kibod na Hausa don ƙ da ɗ da ɓ su riƙa fita daidai, saboda ta ce ba za ta rubuta "kasa" alhali "ƙasa" take nufi ba. Da murnata na ɗauki waya.

Na ce, "Auta, kin san me na tsinto miki yau?"

Da na faɗa mata sai ta yi shiru kaɗan. Sannan ta ce, "Yaya, don Allah goge ta kawai."

Na ce ko in tura mata ta duba tukuna, ba ta da nauyi.

"Me zan duba, Yaya? Shirmen yarinta ne. Yanzu ina na ga lokaci."

Ina jin kukan yaronta a bayanta. Ta ce bari ta duba shi, a gaida Anti da yara. Shi ke nan.

Saurin da ta amsa ne ya tsaya mini a rai. Ba ta tambayi ko babi nawa ne ba, ba ta yi dariya ba. Yarinyar da ke hana kowa taɓa linzamin kwamfutar nan in tana tsakiyar rubutu. Na zauna ina kallon allon har aka kira la'asar. In an yi fomat an ɗora sabon abu a kai, da wuya a sake ganin komai, ita kuwa ta yanke hukuncin da yaro a kafaɗa, cikin minti ɗaya.

Na faɗa wa Maman yara. Ta ce, "Mai abu ta ce a goge, kai mene ne naka a ciki?" Kuma ta fi ni gaskiya. Abin Auta ne, ta rubuta a jiki cewa kar a buɗe, yau kuma ta faɗa da bakinta. Amana ita ce in yi yadda ta ce.

Duk da haka na kwafa. Ban haɗa ta da kayanmu ba, na samo wata tsohuwar filash na zuba ta ita kaɗai. Lokacin da take kwafuwa sunayen fayilolin suka riƙa giftawa a allo, ban iya kau da ido ba: babi na 1, babi na 2, har babi na 23. Na ƙarshen ba shi da suna, lamba ce kawai. Ko wannan ganin ma sai na ji kamar na leƙa ɗakin da aka ce kar in shiga.

Sauran aikin na yi shi ne ba tare da hankalina na wurin ba. Na cire faifan waje na ajiye a ɗaki, kada gobe hannu ya kuskure ya zaɓe shi wajen gogewa. Na rubuta F12, maɓallin da ake dannawa don kwamfutar ta tashi daga filash, a takarda na manna a jikin allo. Na sa inbata a caji.

Filash ɗin Auta tana cikin ambulan a durowar gado. Auta za ta zo gaida Hajiya ranar Juma'a, kuma har yanzu ban tsai da ko zan miƙa mata ba, ko in bar ta a durowar.